Sayen Inshorar Lafiya da Kuɗin Aljihunka: Abin da Za Ka Yi da Wanda Ba Za Ka Yi Ba

Ma'aikacin gwamnati ko na banki ofis ne ke zaɓa masa tsari, a yanke kuɗin daga albashi. Wannan gargaɗi na wanda zai zaro kuɗi daga aljihunsa ne: ɗan kasuwa, tela, direba, mai shagon POS, malamin makarantar kuɗi, da wanda ya bar aiki katinsa ya mutu. A Nijeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a harkar lafiya daga aljihun majinyata da danginsu yake fitowa, shi ya sa ciwo ɗaya kan cinye jarin gida. Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Sai dai doka ba za ta karanta maka yarjejeniya ba.

Ka riƙe wannan tun daga farko: kamfanin inshorar lafiya, wato HMO, yana biyan abin da ke rubuce ne kawai, a asibitin da ke cikin jerinsa, bayan wa'adin jira ya cika, zuwa iyakar kuɗin da ya yanka. Duk abin da dillali ya faɗa maka da baki wanda ba ya cikin takarda, ka ɗauka ba a faɗa ba.

ABIN DA ZA KA YI

1. Ka tabbatar kamfanin yana da rajista da NHIA. Hukumar ce ke tantance kamfanonin HMO, kuma tana da jerin sunayensu a shafinta na intanet da ofisoshinta na jihohi. Ka duba da idonka. Kyan ofis da yawan talla a Facebook ba lasisi ba ne.

2. Ka nemi cikakkiyar takardar tsarin kafin ka biya ko sisi, ka fara karatu daga shafin abubuwan da ba a biya. Takardar talla mai shafi ɗaya da hoton iyali suna murmushi ba ita ake nufi ba. Ka nemo waɗannan ɗaya bayan ɗaya: wankin ƙoda, ciwon daji, babbar tiyata, ɗakin kulawa ta musamman, hoton ƙwaƙwalwa, ƙarin jini, sa bakwaini a kwalba, gashin ƙashi, aikin haƙori da tabarau. A gaban kowanne ka rubuta ɗaya daga cikin uku: ana biya, ba a biya, ko ana biya zuwa naira kaza. In ka ga an rubuta wankin ƙoda, ka tambaya sau nawa a shekara, domin mai ciwon ƙoda da ya yi nisa yakan buƙaci wanki sau biyu ko uku a kowane mako, tsare-tsare da yawa kuwa 'yan zama kaɗan na gaggawa suke biya.

3. Ka tambayi wa'adin jira na kowane abu daban-daban. A nan tsarin mutum ɗaya ya bambanta da na ma'aikata. Kamfani ya san wanda ya zo da ƙafarsa sau da yawa da ciwonsa ya zo, don haka yake jinkirta abubuwa masu tsada. Zazzaɓi da mura na iya shiga cikin 'yan kwanaki, amma tiyata, awo da haihuwa, da maganin hawan jini ko ciwon suga sukan jira watanni, a wasu tsare-tsaren sai shekara ta zagayo. Ka sa a rubuta maka ranar da kowanne zai fara aiki.

4. Ka lissafa iyakar kuɗin, babba da ƙanana. A ce an rubuta da manyan baƙaƙe cewa za a kashe maka har naira miliyan 1 a shekara. Ka sauka ƙasa, za ka iya tarar da tiyata an tsayar da ita a naira 150,000, kwanciya kwana 10, magani naira 50,000. Wannan miliyan ɗin ba za ka taɓa ganinta a ciwo ɗaya ba. Ka tambayi asibitin da za ka zaɓa nawa suke yin tiyatar haihuwa ko ta ƙaba a yau, ka ɗora a kan abin da tsarin ya yanka. Abin da ya yi saura kai za ka cika, kuma a daren za a nema.

5. Ka taka da ƙafarka zuwa asibitin. Jerin asibitoci ɗari-ɗari da yawancinsu ke Legas, Abuja da Fatakwal bai amfani mazaunin Funtuwa ko Azare da komai ba. Ka zaɓi biyu mafi kusa da gidanka, ka je teburin masu inshora, inda za ka ga ma'aikaciya da babban littafi da waya a kunne, mutane na zaune a benci riƙe da katunansu. Ka gaishe ta, ka ce: "Hajiya, don Allah kuna karɓar katin kamfani kaza a wannan watan? Suna biyan ku a kan lokaci?" In ta yatsine fuska ta ce an dakatar da su sai sun biya bashi, ka samu amsar da babu takardar da za ta ba ka. Ka kuma tambayi biyu daga cikin na kan benci ko ana ba su magani a nan, ko kuwa rubuta musu ake yi su je kemis.

6. Ka fahimci yadda kuɗi ke tafiya tsakanin kamfani da asibiti. A tsarin ƙasa na NHIA, da wasu na kamfanoni, ana ba asibitin farko ɗan kuɗi ƙayyadadde kowane wata a kan kowane mai kati, ya zo ko bai zo ba. A tsarin ƙasa wannan kuɗi ya shafe fiye da shekara 10 a kan naira 750 kafin a ƙara shi a 2024, shi ya sa asibitoci da dama suka riƙa ƙyashin ba mai kati magani mai tsada. Abin da ya wuce matakin farko, kamar ganin babban likita, tiyata ko hoto, sai asibiti ya nemi lambar izini daga kamfani. A 2025 NHIA ta umarci kamfanoni su ba da wannan lamba cikin awa ɗaya. Ka gwada su tun kafin ka biya: ka kira lambar wayarsu da ƙarfe 11 na dare ranar Asabar. In babu mai ɗauka, haka za ta kasance ranar da ɗanka ke kan gadon asibiti.

7. Ka kwatanta da tsare-tsaren gwamnati. NHIA na da GIFSHIP, wanda aka ƙaddamar a 2020 domin mutum ɗaya, iyali da ƙungiyoyi. Jihohi ma suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya, irin su KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna. Galibi sun fi sauƙin kuɗi, kuma sun fi kusa da asibitocin gwamnati, inda manyan likitoci suke a Arewa. Nasu naƙasun shi ne dogon layi da yankewar magani. Ka ajiye takardun uku, ta kamfani da ta GIFSHIP da ta jiha, a gabanka, ka gwada layi da layi.

8. Ka ƙidaya mutanen gidanka da kyau. Abin da ake kira "iyali" a tsarin ƙasa shi ne magidanci, mace ɗaya, da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kuma kamfanoni da yawa wannan ma'aunin suke bi. Mai mata biyu da 'ya'ya tara, ga ɗan riƙo, ga tsohuwa a gida, ya tambayi kuɗin kowane ƙarin mutum. Ya kuma tambayi iyakar shekaru, domin tsare-tsare da dama ba sa ɗaukar wanda ya haura 60 ko 65 sai a wani tsari daban mai tsada.

ABIN DA BA ZA KA YI BA

1. Kada ka ɓoye ciwon da ka san kana da shi. Hawan jini, suga, asma, sikila, gyambon ciki, tiyatar da aka taɓa yi maka: ka rubuta su duka a fam. Likitan farko da ya duba ka zai gane, ya rubuta a fayil, kuma da wannan fayil ɗin kamfani zai ƙi biya ko ya soke yarjejeniyar, kuɗinka ya tafi. In akwai mai sikila a gidan, ka sa su faɗa maka a rubuce ko suna biyan kwanciya da ƙarin jini idan ciwon ya tashi.

2. Kada ka zaɓi tsari don shi ne mafi araha. Araha ba ta ado. Tsarin da ke biyan maganin maleriya da taifot kaɗai ya ɗauke maka abin da da ma kana iya biya, ya bar maka wanda zai sa ka sayar da fili. Ka auna kowane tsari da mafi munin daren da zai iya zuwa: hatsarin mota, haihuwa da ta zo da gardama, yaro da ya suma.

3. Kada ka tura kuɗi asusun dillali, ko da ɗan unguwarku ne, ko abokin sallarka. Asusun da ke ɗauke da sunan kamfani kaɗai za ka biya. Ka karɓi rasit da lambar rajistarka, sannan ka kira kamfanin ka ji sunanka ya shiga, ka kira asibitin ka ji sunanka ya iso.

4. Kada ka jira sai ciwo ya kwantar da kai, ko sai cikin maiɗakinka ya kai wata bakwai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wa'adin jira an yi shi ne daidai domin mai irin wannan dabara.

5. Kada ka ba wani aron katinka, kada kuma ka karɓi na wani. Ha'inci ne, kuma akwai haɗari a ciki: rukunin jinin ƙaninka da magungunan da jikinsa ba ya so za su shiga fayil ɗinka, wata rana a yi maka aiki da bayanan da ba naka ba.

6. Kada ka bari tsarin ya mutu kafin ka sabunta. A kamfanoni da yawa, giɓin 'yan makonni ya isa a mayar da kai sabon shiga, wa'adin jira ya dawo daga farko. Kada kuma ka sabunta ido rufe. Farashin magani ya yi tashin gwauron zabo tun daga 2023, kamfanoni kuma kan ƙara kuɗi, su rage abin da suke biya, ko su cire asibiti daga jeri. Ka nemi sabuwar takarda duk shekara.

7. Kada ka biya kuɗi a asibiti ka yi shiru. In an ce babu magani ka je ka saya, ka sa a rubuta a takardar, ka kira kamfanin kana tsaye a wurin, ka adana rasit. A tsarin ƙasa kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani ne a kanka, ba duka ba. In kamfani ya yi kunnen uwar shegu, ka kai ƙara a rubuce ofishin NHIA na jiharka. Ka kuma sani cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa, da lambar izini ko babu.

8. Kada ka biya da shakka a zuciyarka game da hukuncin addini. Malamai da yawa sun bambanta inshorar kasuwanci da ta taimakekeniya, kuma tun 2013 hukumar kula da inshora, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato inshorar taimakekeniya, a Nijeriya. Ka kai wa malamin da ka amince da shi takardar tsarin kanta ya duba, tun kafin kuɗi su fita, ba bayan an yi rabin shekara ba.

Duk kamfanin da ya ce sai ka biya sannan za a turo maka cikakkiyar takarda, ka tashi ka bar masa ofishinsa. Akwai wasu da dama a jerin NHIA, kuma wanda ya ɓoye maka sharuɗɗa lokacin da yake neman kuɗinka ba zai sassauta maka ba lokacin da kai kake neman nasa.