Yadda Ake Gano Matsalar Motar Dizal Mai Baƙin Hayaƙi da Wayar Hannu

Mota mai shan gas tana tafiya lafiya a kan titin Audu Bako da ke Nassarawa GRA, kwatsam sai ta daina jan totur, salansa kuma ta fara feso baƙin hayaƙi. Abin da aka fi zargi shi ne nozul ko famfon mai, waɗanda suna cikin kaya mafi tsada a injin dizal. Amma sau da yawa laifin yana wani wuri, kuma waya za ta iya nuna shi kafin a kashe ko sisi.

Me baƙin hayaƙi ke nufi?

Injin dizal yana buƙatar iska mai yawa kafin ya ƙone mai. Idan iskar ta yi kaɗan, man ba ya ƙonewa duka, sai ragowar ta fito baƙi ƙirin. Saboda haka a fara bincike daga hanyar iska. A Kano wannan ya fi muhimmanci, domin ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana saurin toshe filtar iska.

Kayan aiki

Ana buƙatar ƙaramar na'ura mai suna ELM327, da manhajar Torque ko Car Scanner. Ana soka na'urar a kafar OBD2 mai ramuka 16, wadda galibi take ƙarƙashin sitiyari. Turai ta wajabta wannan tsari a motocin dizal tun 2004, don haka motocin Beljiyam da aka ƙera bayan nan suna da shi. Masu iPhone su nemi ta WiFi, domin mai araha ta Bluetooth ta fi aiki da Android.

Matakai

1. A murɗa makulli ba tare da an tayar da injin ba, a haɗa waya da na'urar.

2. A karanta lambobin matsala, a ɗauki hoton fuskar waya. Kada a goge su tukuna.

3. A duba matsin iska na MAP. Injin yana kashe, a Kano zai nuna wajen 95 kPa. Idan ana tafiya aka taka totur, ya kamata ya haura sosai. Wani ne zai riƙe wayar, direba ya sa ido a hanya.

Fassarar lambobi

P0299: tobo ba ya tura isasshiyar iska. Idan matsalar ta zo farat ɗaya tare da ƙara kamar ana sace iskar taya, to tiyon da ya taso daga tobo ne ya fashe ko ya kwance. Danshin baƙin mai a jikin tiyon yakan nuna wurin.

P0101: ma'aunin iska na MAF yana ba kwamfutar mota lissafin da bai yi daidai ba, galibi saboda datti.

P0401 ko P0402: bawul ɗin EGR, mai mayar da wani kaso na hayaƙi cikin injin, ya toshe ko ya maƙale a buɗe. Gajerun tafiye-tafiye da cunkoson cikin gari suna tara masa baƙi.

Idan kwamfutar ta ga irin waɗannan, takan rage ƙarfin injin da gangan don kada ya lalace. Shi ya sa wata motar takan dawo daidai bayan an kashe an kunna, jim kaɗan kuma ta koma gidan jiya.

Lambar tana nuna unguwa ne, ba ta nuna gida. Dole a buɗe bonet a zaro filta, a shafa tiyo. Sai hanyar iska ta fita daga zargi ake komawa kan nozul da ingancin gas ɗin da aka sha. Ci gaba da tuƙi a haka yana ƙona mai a banza, yana kuma cika salansa da baƙi.

Wanda ya je wurin bakanike da hoton lambobin a waya, ya san abin da zai nema a kasuwar Ƙofar Ruwa, kuma zai yi wuya a sa shi sayen nozul alhali tiyo ne ya fashe.