Eksiton a Ɗigon Kwantam: Nazarin Haske da Matsalar Keɓaɓɓun Kalmomi

1.0 Gabatarwa

Talabijin samfurin QLED da ake kallo a wasu gidajen unguwar GRA ta birnin Katsina tana samun kyan launinta ne daga ɗigon kwantam, amma har yanzu Hausa ba ta daidaita kalmomin bayyana shi ba. Wannan maƙala ta fayyace yadda abin yake, sannan ta auna kalmomi biyu.

2.0 Ma'anar Eksiton

Ɗigon kwantam ƙwayar ƙiristal ce ta sinadarin da ke isar da lantarki rabi da rabi, faɗinta nanomita 2 zuwa 10. Idan haske ya doke ta, sai ilektiron ya tashi daga mazauninsa, ya bar wurin da cajin da ya saɓa wa nasa. Saɓanin cajin ke sa su jawo juna su ɗaure, kuma wannan ɗaurin shi ne eksiton, wanda Yakov Frenkel ya fara bayyanawa a 1931. Da ilektiron ya koma mazauninsa, sai eksiton ya mutu, haske ya fito.

3.0 Nazari ta Hanyar Haske

Masana kan haska ɗigon da leza, su auna launin da ya fitar. Gwargwadon ƙanƙantar ɗigo, gwargwadon matsuwar eksiton da ƙaruwar kuzarinsa. Shi ya sa ƙaramin ɗigon kadmiyam salanaid ke ba da shuɗi ko kore, babba kuwa ja, alhali sinadarin ɗaya ne. Alexei Ekimov ya gano haka cikin gilashi a 1981, Louis Brus cikin ruwa a 1983, Moungi Bawendi kuma ya inganta haɗa ɗigon a 1993. Su ukun suka raba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2023.

4.0 Zaɓen Kalmomi

Wurin da ilektiron ya bari "gurbi" ne, domin gurbi na nuna akwai mai shi da zai iya dawowa. "Rami" haƙa shi ake yi, don haka zai ɓatar da ɗalibi. Haka nan "tagwaye" bai dace da eksiton ba, tun da abokan ɗaurin kishiyoyin juna ne a caji. Aron kalmar tare da bayani ya fi aminci.

5.0 Kammalawa

Ƙirƙirar kalmar kimiyya na buƙatar fahimtar aikin abin kafin raɗa masa suna. Ya kamata masana Hausa da na fiziya a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa su zauna tare kan wannan aiki, kafin kuskuren fassara ya shiga littattafan makaranta.