Darasin Ji'irana Ga Shugabannin Ma'aikata



Ma'aikata da yawa albashinsu na zuwa, amma zuciyarsu ta fita daga aikin. Shi ya sa yau nake so mu duba abin da ya faru a Ji'irana, shekara ta 8 bayan hijira.

Bayan yaƙin Hunaini, Manzon Allah (SAW) ya ba sababbin musulunta irin su Abu Sufyan raƙuma 100 kowannensu, Ansaru kuwa ba a ba su ba. Ransu ya sosu, ƙananan maganganu suka fara yawo, har Sa'ad bn Ubada (RA) ya kai masa labari.

Ku lura fa. Bai tambayi wa ya fara maganar ba. Tara su ya yi su kaɗai, ya tuna musu ni'imar Allah, sannan da bakinsa ya lissafa alherinsu gare shi: sun gaskata shi, sun ba shi masauki. Ya nuna musu wasu za su koma gida da tumaki da raƙuma, su kuwa da shi za su koma. Suka yi kuka har gemunsu ya jiƙe. Rabon bai canza ba, ko raƙumi ɗaya. A fahimtata, abin da ya fi damunsu tsoron an manta da su ne, kuma nan ya taɓa.

To kai oga, in ka ɗaga sabon ma'aikaci, tsofaffin da suka sha wahalar kafa wurin suka daina fara'a, kada ka yi saurin rubuta takardar gargaɗi. Kira su ofis, ka rufe ƙofa, ka saurare su.