Amsar Tambaya: Halaccin Riga Daga Gona Yake Farawa

Tambaya: Malam, ni tela ne a Gwashi, ina nufin fitar da tufafi da tambarina. Yaya zan sami kayan aiki ba tare da na ci haƙƙin kowa ba?

Amsa: Ya ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri bisa wannan taƙawa. Idan za ka ba manomin auduga kuɗi tun da damina, to ka bi sharuɗɗan cinikin salam da malaman Malikiyya suka shimfiɗa, wato a ambaci awo da iri da ajali, kada talaucinsa ya zama hujjar karya masa farashi. Masaƙi da mai surfani kuwa, ka biya su ladansu ranar da suka miƙa aiki.

Game da rini, ka fifita baba da toka, irin na marinar Ƙofar Mata a Kano. In kuwa larura ta sa ka ga rinin kanti, ka nisanta ruwansa daga rijiya da mashayar dabbobi, domin al'ummar da gubar dalma ta kashe mata ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010 ta san abin da dafi ke yi idan ya shiga ƙasa.

Daga ƙarshe, kada ka kira yadin waje saƙin gida, domin algus haramun ne. Allah ya sa albarka a sana'arka.