DARASIN KIWON LAFIYA: ZAWON KAREN GARKE MAI TAFIYA YANA DAWOWA

Darasinmu na wannan fitowa a kan kare ne. Mun san wani zai ce me ya haɗa takardar ƴan shanu da kare. To, duk wanda ya taɓa kwana da garke a daji tsakanin Abalak da Birnin Ƙonni, ko ya sauka zango a hanyar Maigatari, ya san haushin kare ne ke tada makiyayi kafin ɓarawo ko kura su iso. Malamanmu ma sun halatta ajiye kare don tsaron dabbobi da gona da farauta. Tun da mun ajiye shi yana yi mana aiki, haƙƙinsa na wuyanmu.

Kukan da ƴan ƙungiya suka fi kawo mana shi ne kare ya yi zawo kwana biyu ya tsaya, bayan mako guda ya dawo, a haka har ya rame ya daina haushi. Abin da akasarinmu ke yi shi ne a buɗe jakar maganin shanu a ɓantaro masa wani abu. Wannan darasi zai nuna cewa zawon da ke dawowa yana da dalili, kuma dalilin nan sau da yawa yana taɓa shanunmu da aljihunmu.

ME KE KAWO SHI?

Na farko abinci. Karen da ke zaune kusa da kwata ko tike ba shi da tsayayyen abinci. Yau tuwon jiya, gobe tumbi da hanji ɗanye, jibi kitse ko mushen da aka yar a bayan kara. Cikin kare ba ya son canji na farat ɗaya, ba ya kuma ɗaukar kitse mai yawa. Haka madara sabuwar tatsa: da yawa cikin manyan karnuka ba sa iya narkar da sukarin da ke cikinta kamar yadda kwikwiyo ke yi, sai ciki ya ɓaci. Nono mai tsami ya fi sauƙi a gare su, shi ma kaɗan.

Na biyu tsutsar ciki. Akwai mai maƙalewa a hanji tana shan jini. Alamarta kashi baƙi kamar kwalta, dasashi ya yi fari. Akwai mai zama a babban hanji, mai sa kashi da majina da ɗigon jan jini, ita ce gwanar tafiya da dawowa, domin ƙwanta na iya shekaru a ƙasa bai mutu ba. Kare ya warke, ya koma ya kwanta a wuri guda, ya sake ɗauka.

Na uku ruwa. A tabki da kududdufin da shanu suka tattake ake samun wata ƙwayar cuta da ido ba ya gani, likitoci na kiranta jiyardiya. Tana sa kashi mai laushi, mai maiƙo da wari, wanda ba ya ƙarewa.

Na huɗu, ga ƴan kwikwiyo, cutar fabo. An fara ganinta a duniya a shekarar 1978, yanzu ta bazu a faɗin duniya. Amai ne da zawon jini mai ɗoyi, kwikwiyo ya ƙi abinci, cikin kwana biyu ko uku ya mutu in ba a kai shi asibitin dabbobi ba. Wannan ba a jinyarta a gida.

INA RUWAN SHANU DA WANNAN?

Nan ne muke so a natsu. Ɗanyen kayan cikin da ke ɓata wa kare ciki, shi ne kuma ƙofar wata ƴar ƙaramar tsila da ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Duk mai zuwa kwata ya taɓa ganin hanta ko huhu da ƙulluttai masu ruwa a ciki, har malamin duba nama ya hana a sayar. Mahauci sai ya yanke wurin ya jefa wa kare. Kare ya ci, tsila ta girma a hanjinsa, bayan kamar mako 6 ya fara zubar da ƙwai a kashinsa a kan ciyawa da bakin mashaya. Saniya, tunkiya ko raƙumi su ci ciyawar, ƙulluttan su fito musu a hanta da huhu. Haka abin ke zagayawa. Ita wannan tsila ba ta cika sa kare zawo ba, don haka kare mai ƙoshin lafiya ma yana iya ɗauke da ita. Mutum kuma yana kamuwa, musamman yaran da ke wasa da kare su ci abinci ba su wanke hannu ba, kuma in ƙullutun ya girma a hantar mutum sau da yawa sai an yi tiyata.

Akwai kuma ɓarin shanu. Wata ƙwayar cuta da aka raɗa wa suna niyosfora a 1988, a 1998 aka tabbatar kare ne ke yaɗa ta a kashinsa. Kare na ɗaukarta in ya ci mabiyiya ko ɗan da saniya ta ɓarar. In kashinsa ya shiga dusa, harawa ko kwamin ruwa, saniya mai ciki ta ci, tana iya ɓari, galibi tsakanin wata 5 zuwa 7 na ciki. Wanda ya sayi karsana mai ciki da tsada don ya kai ta kasuwa da ɗa, ya san girman wannan asara.

JINYA A GIDA KO A ZANGO

In kare babba ne, yana tafiya, yana shan ruwa, ba ya amai, babu jini, to ana iya fara masa haka:

1. Ruwa mai tsabta a gabansa kullum. Abin da ke kashe mai zawo shi ne ƙarewar ruwan jiki. Kare mai kilo 20 yana bukatar lita guda ko fiye a yini ko da lafiyarsa lau, a bazara kuwa har ninki. In zawon ya yi yawa a haɗa ruwan gishiri da sukari irin na yara: lita 1 na ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A ba shi kaɗan-kaɗan.

2. A tsayar da madara, kitse, ƙashi, miya mai yaji da albasa, da duk wani ɗanyen nama. Albasa ma ita kaɗai tana lalata jinin kare.

3. A dafa shinkafa ta yi luguf, a sa tsokar nama marar kitse dafaffiya, kashi biyu shinkafa kashi ɗaya nama. A ba shi kaɗan sau uku ko huɗu a yini. Da can ana cewa a hana shi abinci kwana biyu. Yanzu likitoci sun gane hanji ya fi saurin warkewa in ana ba shi abinci mai sauƙi. Kwikwiyo kuwa sam ba a barinsa da yunwa.

4. In kashi ya fara ɗaurewa, a koma abincin da ya saba a hankali cikin kwana 5 zuwa 7, ana gauraya sabo da tsoho.

5. A ɗaure shi a inuwa nesa da kwata da bola har ya warke. Muddin yana yawo yana tsince-tsince, aikin banza ake yi.

Ga yadda ake gane ruwa ya ƙare masa: a ɗaga fatar bayan wuyansa a saki. In ta koma nan take, da sauƙi. In ta tsaya a tsaye, dasashi ya bushe, ido ya faɗa, to lokacin likita ya yi.

JAKAR MAGANIN SHANU BA TA KARE BA CE

Ƴan uwa, a ji tsoron Allah a kan wannan. Sa mai kilo 300 da kare mai kilo 15 ba awonsu ɗaya ba. Babban ƙwayar albendazol da muke ɗura wa shanu tana iya lalata ɓargon kare, jininsa ya ƙare. Allurar ibamektin ta shanu, in aka wuce kima kare na iya makancewa, ya yi ta makyarkyata har ya mutu, kuma ba ta kashe tsila. Magungunan ciwon jiki na mutane irin su ibufurofen suna huda cikin kare su kashe masa ƙoda. Flagyl da allurar ruwan ɗorawa da ake yi wa kowane zawo, yawancin zawon kare ba ya bukatarsu. Suna kashe ƙwayoyin hanji masu amfani, zawon ya dawo da an daina.

Maganin tsila shi ne firazikwantel, miligiram 5 ga kowane kilo, wato miligiram 100 ga kare mai kilo 20. Na sauran tsutsotsi da jiyardiya likitoci kan ba da fenbendazol, miligiram 50 ga kowane kilo, kwana 3 a jere, wani lokaci har 5, kuma a maimaita bayan mako 3. A bari malamin dabbobi ya auna kare ya faɗi adadin.

YAUSHE ZA A KAI SHI ASIBITIN DABBOBI?

A ranar, ba sai gobe ba, in kwikwiyo ne, ko akwai jini mai yawa, ko baƙin kashi, ko amai ba tsayawa, ko ciki ya kumbura, ko kare ya kasa tashi. Haka in an yi jinyar gida kwana biyu babu sauƙi, ko zawon ya wuce mako 3 yana tafiya yana dawowa. A tafi da ɗan sabon kashinsa a leda don a duba a madubin likita. In ba a ga komai ba a karon farko a sake kaiwa, domin ƙwan tsutsa ba kullum yake fita ba. A faɗa wa likita gaskiyar abin da kare ke ci da duk maganin da aka riga aka ba shi. Tun da an je, a yi masa allurar haukan kare gaba ɗaya.

RIGAKAFI

Hanta da huhun da aka hana sayarwa, da mabiyiya, da ɗan ɓari, a binne su da zurfi ko a ƙone. In za a ba kare kayan ciki, a tafasa su sosai tukuna. Maganin tsutsa duk wata 3, amma karen da ke shiga kwata a ba shi na tsila duk mako 6. Kwikwiyo a fara masa maganin tsutsa yana mako 2, allurar fabo daga mako 6 zuwa 8, a maimaita duk mako 3 ko 4 har ya kai mako 16. A riƙa kwashe kashin kare ana binnewa, a raba shi da rumbun dusa da kwamin ruwan shanu. Inda kwikwiyo ya mutu da zawon jini, a wanke da ruwan jabel, kashi 1 cikin kashi 30 na ruwa, domin cutar na yin watanni a wurin. Yara su sa takalmi, su wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

Muna roƙon shugabannin rassa su karanta wannan darasi a taron ranar kasuwa saboda waɗanda ba su yi boko ba, su kuma zauna da sarkin fawa na garinsu a kan maganar jefa wa karnuka hantar da aka hana. Rami guda a bayan kwata ya isa ya yanke wannan zagaye.

Allah ya ba mu lafiya da mu da dabbobinmu, ya sa albarka a fatauci. Wassalam.