Yadda Ake Sa Injiniya Ya Duba Gida Kafin a Kammala Ciniki

Cinikin gida yakan cije ne tsakanin sallamawa da biyan kuɗi. Dillali ya haɗa mai gida da mai saye, an daidaita a kan farashi, sai mai saye ya sake zagayawa ya ga tsaga a bangon falo. Mai gida ya ce filasta ce kawai, shi kuwa mai saye zuciyarsa ta ƙi kwanciya. A nan injiniyan da ya ƙware a kan ƙarfin gini yake da amfani, domin shi ke faɗin ko aibin na ido ne ko na tushe, da abin da gyaransa zai ci.

Abu na farko shi ne lokacin kiransa. Ana kiransa bayan an yi ciniki, kafin a biya cikon kuɗi. Idan za a ba da kafin alƙalami, a rubuta a gaban shaidu cewa cinikin ya dogara da sakamakon binciken injiniya, kuma za a mayar da kuɗin idan aka sami babban lahani. Sharaɗin da aka yi da baka kawai shi ne wanda aka fi musunsa daga baya.

Sai zaɓen wanda zai duba. A Nijeriya hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, ita ke yi wa injiniyoyi rajista, kuma mai rajista yana da lamba da hatimi. A nemi ganin lambar. Aikinsa daban ne da na safiyo mai auna fili, daban da na mai ƙiyasta darajar gida. Ya fi kyau mai saye ya nemo shi da kansa ya biya shi, kada a bar wa dillali, wanda la'adarsa ba ta fita sai ciniki ya faɗa.

Kafin ranar dubawa, a karɓi zanen ginin da takardar izinin gini daga mai gida, a tambayi shekarar da aka yi ginin da duk ƙarin da aka yi masa. Wannan tambaya tana da nauyi, domin gidaje da yawa an yi tushensu ne don hawa ɗaya, daga baya aka ɗora musu bene.

Ranar dubawa, injiniya yakan fara daga waje: inda ruwan indararo ke sauka, nisan sokawe da bango, manyan bishiyoyi kusa da tushe, da irin ƙasar wurin. Baƙar ƙasa mai yumɓu, irin ta wasu sassan Borno da Adamawa, tana kumbura da damina ta tsuke da rani, ta riƙa ɗaga gini tana sauke shi. A Kano kuwa akan tambayi maƙwabta ko filin tsohon kududdufi ne da aka cike.

Tsaga ita ce ta fi ɗaukar lokacinsa. Siririya kamar gashi, wadda ba ta kai milimita 1 ba, yawanci ta filasta ce, fenti ya isar mata. Wadda ta wuce milimita 5 tana bukatar bincike, musamman idan ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko ta bi layin bulo kamar matakala, ko ta fito ta ciki da waje a wuri guda. Irin wannan alama ce ta tushe yana zama. Ƙofar da ta daina rufuwa da daɓen da ya karkata sukan tabbatar da zargin. Sabon fenti a bango ɗaya tak ma abin tambaya ne. Daga nan sai ya duba ginshiƙai da linta da ƙasan dekin, yana neman rodi mai tsatsa da ya fasa kankare, ya leƙa cikin silin don ganin ɓarnar gara a katakon rufi. Idan yana shakkar kankaren, akwai gudumar gwaji da ke auna taurinsa, ko a yanko ɗan guntu a kai ɗakin gwaji, amma wannan sai da yardar mai gida.

Rahoto dole ya zama rubutacce, da hotuna, da kwanan wata, da sa hannu da hatimi. Ya bayyana musabbabin kowane lahani, hanyar gyara, da ƙiyasin kuɗi. Da shi ake komawa kan ciniki: ko mai gida ya yi gyaran injiniya ya dawo ya tabbatar, ko a rage kuɗin gyara daga farashi, ko a ajiye wani kaso a hannun lauya har a gama aikin. Idan tushen ne ya lalace gaba ɗaya, a fasa, ko a saya a farashin fili.

Bayan an cimma matsaya, lauya ya shigar da ita cikin yarjejeniyar sayarwa, a haɗa kwafin rahoton. Sannan a biya cikon kuɗi, a nemi amincewar gwamna kan sauya mallaka kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tanada, a ajiye rahoton tare da sauran takardun gidan.