Darasi: Yadda Hoto Ke Tafiya Daga Kwamfuta Zuwa Majigi

Sau da yawa malami ko ɗalibi kan shirya jawabinsa a kwamfutar tafi-da-gidanka, amma da zarar ya haɗa ta da majigi ko talabijin sai allo ya ƙi nuna komai. Kafin a shawo kan lamarin, rabin lokacin darasi ya wuce. Galibi ba wani abu ne ya lalace ba, na'urorin biyu ne ba su fahimci juna ba. A wurare uku wannan saɓani kan auku: waya, da mashiga, da umarnin kwamfuta.

Da farko, mene ne yake bin waya? Hoton kwamfuta tarin ƙananan ɗigo ne, kowanne da gaurayen ja da kore da shuɗi. Kwamfuta tana aika bayanin kowane ɗigo, ta kuma sabunta shi kimanin sau 60 a daƙiƙa guda. Tsofaffin majigi da dama ɗigo 1024 suke nunawa a kwance, 768 a tsaye, wato 786,432. Kwamfuta mai 1920 da 1080 kuwa tana da 2,073,600. Wannan ne ya sa ƙaramin rubutu kan dusashe a jikin bango.

Waya

Wayar VGA, wadda kamfanin IBM ya fito da ita a 1987, tana da tsinkaye 15 a layi uku. Hoto kaɗai take ɗauka, ban da sauti, kuma ta hanyar hawa da saukar ƙarfin lantarki take isar da shi. Ita kuwa HDMI, wadda aka tsara a ƙarshen 2002, babban kanta tsinkaye 19 ne, tana ɗaukar hoto da sauti tare cikin alƙaluman 0 da 1. Tunda harsunansu sun bambanta, sai an sami tafinta, wato 'yar na'ura mai juya saƙo. Abin lura shi ne tafintan hanya ɗaya yake bi: wanda ke juya HDMI zuwa VGA ba ya aiki akasin haka. Haka nan ba kowace kafar USB-C ce ke fitar da hoto ba.

Mashiga

Majigi da talabijin suna da mashigai da yawa, amma ɗaya suke saurare a lokaci guda. Idan waya tana kafar HDMI 2, talabijin kuwa yana kan HDMI 1, ba za a ga komai ba. Sai a danna maɓallin Source ko Input a zaɓi wadda ta dace.

Umarnin kwamfuta

Idan an haɗa su, majigi yakan sanar da kwamfuta yawan ɗigon da yake iya nunawa, don haka ya kamata a fara kunna shi. A tsarin Windows, tun daga Windows 7 na 2009, danna maɓallin Windows tare da P kan fito da zaɓi huɗu. Duplicate yana nuna abu guda a allo biyu. Extend yana mai da majigi allo na biyu, ta yadda mai jawabi zai ga bayanansa, masu sauraro ba su gani ba. Sauran biyun allo ɗaya suke bari a kunne.

Daga ƙarshe, majigi mai ƙwan fitila yana yin zafi ƙwarai. Kada a zare shi daga wuta sai fankarsa ta tsaya, domin hakan kan rage kwanan fitilar. Mai hikima kuma yakan gwada kayansa a ɗakin jawabi tun kafin jama'a su hallara.

Tambayoyi

1. An haɗa da VGA, hoto ya fito, sauti bai fito ba. Me ya sa?
2. Ɗigo nawa ne a allo mai 1280 da 720?